Buhun raga na shanya itace: yana aiki, amma sai an ba shi iska

Duk ɗan uwan da ke zaune a ƙasashen sanyi yana ɗumama gidansa da murhun itace, in dai yana da ɗan fili a bayan gida da iska ke ratsawa, shawarata ya sayi manyan buhunan nan masu raga da ake zuba faskararren itace a ciki. Na saya, na zuba itace yana ɗanye sharaf, kuma ya bushe har ya kai ƙa'ida. Sai dai akwai sharuɗɗan da masu sayarwa ba sa rubutawa a tallarsu. Wanda bai cika su ba zai tarar da ruɓaɓɓen itace a gindin buhu a tsakiyar Janairu, lokacin da busasshe ya fi tsada kuma masu kawowa suka fi jan rai.

Ina zaune da iyalina a wani ƙauye a arewacin Yorkshire a Ingila, ba nisa da garin Skipton, cikin tuddan da ruwan sama ba ya yi wa rowa. Bututun gas bai iso mu ba, kananzir muke saya a cika tanki, shi ke dafa ruwan da ke zagaya ɗakuna. A Maris na 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, kuɗin kananzir ya yi tashin gwauron zabi, kuma iyakar farashin da hukumar Ofgem ke sa wa gas da lantarki ba ta shafi kananzir ba. Murhun ƙarfen da muka tarar a falo, wanda da sai don marmari ake kunna shi, ya koma abin dogaro. Itacen da aka busar a na'ura yana da tsada. Ɗanye kuwa ga shi nan birjik, saboda wata musiba da ta sauka a kan itatuwan ash: cutar fumfuna da aka fara tabbatar da ita a Birtaniya a 2012, wadda ke kashe itacen daga saman rassa. Ash na cikin itatuwan da suka fi yawa a wannan yanki, kuma waɗanda suka kamu rassansu kan karye ba zato, don haka masu sara suna ta kayar da na gefen titi. Ganin manyan itatuwan da suka girmi kakannin mutanen ƙauyen an mayar da su gumagumai yana taɓa mini zuciya. Tunda an riga an sare, gara a busar da su yadda ya kamata su ɗumama gida, da a bar su su ruɓe ko a ƙona su ɗanye su cika gari da hayaƙi.

Buhun yana zuwa a naɗe, ba ya da nauyi, yaro ma zai ɗauka. Da zaren roba ake saƙa shi, wanda ake yin buhun taki da shi, amma ya fi kauri nesa ba kusa ba. In ka ware shi, nawa mita ɗaya ne a tsaye, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a tsawo, sama a buɗe, da hannaye huɗu na kakkauran ɗamara an ɗinke su a kusurwoyi. Iri biyu na gwada. Na farko saƙarsa a matse take, sai aka bar layuka-layuka daga sama zuwa ƙasa inda zaren ya yi sako-sako don iska ta wuce. Na biyu gefensa biyu raga ce zalla, ta yi kama da gidan sauro amma mai ƙwari, sauran gefe biyun kuma masu layukan ne. In ka tsaya a gaban na biyun bayan an cika shi, kana ganin itacen ɗaya bayan ɗaya, kana ma iya hango haske ta tsakankaninsu. A ɗaya kusurwar akwai farar takarda da aka ɗinke, ɗauke da nauyin da buhun zai iya ɗauka, kilo 1000, da wasu lambobi biyu, 5:1. Zan dawo kan waɗannan lambobi, domin rai na iya rataya a kansu. Ta intanet na saya, kowanne bai kai fam 10 ba da na haɗa su da yawa.

Wahalar farko ita ce cikawa. Buhun ba ya tsayawa da kansa. Ka jefa itace biyu-uku, bakin ya rufta ciki, ka ɗaga wannan gefe wancan ya faɗi. Maƙwabcina manomi ba ya wannan fama, ratayawa yake yi a cokulan gaban tarakta, injin faskarensa na zubawa kai tsaye. Ni da ba ni da tarakta sai na kafa sanduna huɗu a kusurwoyin katakon ɗora kaya, na rataya hannayen a kansu har buhun ya kai rabi, daga nan nauyin itacen ke riƙe shi. Kuma jefawa ake yi barkatai, ba a jerawa. Mutum mai son tsari hannunsa zai riƙa ƙaiƙayi ya shirya su ɗaya kan ɗaya don buhun ya ci da yawa, amma ramukan da ke tsakanin itacen da aka watsa su ne hanyar iska. Ina yanka tsawon kamar santimita 25 daidai bakin murhuna, kauri kuma kada ya wuce santimita 10. Gungumen da ba a faskara ba bai da abin yi a cikin buhun nan, musamman na birch, wanda ɓawonsa ba ya barin ruwa ya fita. In ka bar shi a dunƙule, waje zai yi kyau ciki ya koma gari.

Mutane ba sa gane yawan ruwan da ake magana a kai sai an lissafa musu. Ɗanyen itace da yawa rabin nauyinsa ruwa ne. Ɗauki kilo 100 mai laima kashi 50 cikin 100: kilo 50 itace, kilo 50 ruwa. Kafin ya sauko kashi 20, nauyin zai koma kilo 62 da rabi, wato lita 37 da rabi sun fita. A buhu guda ana maganar ruwan da ya haura lita 100, kuma duk ta iska zai fita, babu wata hanya. In ka sa itacen a wuta da wannan ruwa a jikinsa, wutar sai ta fara tafasa shi ta kore shi kafin ta ɗumama maka ɗaki, shi ya sa kilo ɗaya na ɗanye bai fi ya ba da kusan rabin zafin kilo ɗaya na busasshe ba. Sauran ya tafi a hayaƙi, ya daskare a bututun hayaƙi ya zama baƙar kwalta, wadda ita ce ke kamawa da wuta a bututun gidaje. Ash yana da sauƙi a wannan fanni, tun yana ɗanye ruwansa bai kai na sauran ba, amma maganar da wasu ke yi cewa ana iya ƙona shi ranar da aka sare shi ban yarda da ita ba. Yana ci, amma ka saurari bakin itacen za ka ji yana tsuwa yana kumfa.

To, a nan aikin yake, wurin ajiyewa. Buhun raga da aka dire a kan ciyawa ba shi da maraba da tulin itace a ƙasa, laima za ta hau shi ta gindi. Dole a ɗora shi kan katakon ɗora kaya, shi ma katakon in da hali a ɗora shi kan bulo ko tsakuwa, yadda iska za ta bi ta ƙarƙashi. Dole a bar rata tsakanin buhu da buhu, ni ina barin wadda zan iya ratsawa da kafaɗa, a kuma janye shi daga jikin katanga. Iskar Birtaniya galibi daga kudu maso yamma take busowa, don haka nake juya gefen ragar ya fuskanci can. Sannan rufi: sama kawai ake rufewa. Na yanka tsohon kwanon rufi ya ɗan zarce bakin buhun, na karkata shi kaɗan, na danne da duwatsu. Na ga gidajen da aka naɗe buhun gaba ɗaya da tamfol aka ɗaure da igiya don tsoron ruwan sama, kuma duk lokacin da na gani sai in ji kamar in ƙwanƙwasa ƙofa in yi musu magana. Ruwan da iska ta watso a gefe yana jiƙa fatar itace ne kawai, rana ɗaya mai iska ta ɗauke shi. Ruwan da ke cikin itacen shi ne abokin faɗa, kuma tamfol kulle shi yake yi a ciki. Da safe in ka ɗaga irin wannan tamfol za ka ga cikinsa yana ɗiga.

Na cika buhunan a Maris da Afrilu, na auna a Oktoba. Na'urar auna laima ƙarama ce, tana shiga aljihu, da allurai biyu a kanta, kuma duk mai murhun itace ya kamata ya mallake ta. Amma kada a soka ta a fatar itace ko a bakinsa, nan kullum ya fi bushewa. Sake faskara shi za ka yi, ka soka alluran a sabuwar fuskar da gatari ya buɗe. Ash ɗin da ke sama da na jikin raga ya nuna mini tsakanin 16 da 18. Na tona har tsakiyar buhun na ciro wasu, suka nuna 21 zuwa 23. A buhu mai layuka kawai, na tsakiyar ya fi haka laima da 'yan maki. Ke nan ragar ta fi, kuma tsakiya kullum tana baya. Abin da nake yi shi ne in fara ci daga sama da gefe, in kwaso na kwana biyu-uku in ajiye a kwando cikin gida, kafin in kai ga na tsakiya shi ma ya sami iska ya sauko. Ko ba na'ura, busasshen yana nuna kansa: bakinsa ya tsattsage, ɓawon ya saki, ya yi sauƙi a hannu, in ka haɗa biyu ka buga sai ka ji ƙara garau, ba ɗif ba. A murhu kuma gilashin ƙofar yana zama fes, harshen wuta ya tashi rawaya, in ka fita waje ka ɗaga kai da ƙyar ka ga abin da ke fita ta bututu.

Itacen oak kuwa bai bushe ba. Wannan ba laifin buhu ba ne, oak yana son shekara biyu ko fiye ko ta wace hanya aka shanya shi, amma ina faɗa ne saboda tallar ta yi kamar kowane itace zai shirya cikin bazara ɗaya. Matsalar ita ce buhun da kansa ba lallai ya kai lokacin da oak ke bukata yana da ƙarfi ba.

Na yi wani gwaji da gangan, domin tambayar da kowa ke yi ita ce me zai hana a yi amfani da buhun magina, wanda ake kawo yashi da tsakuwa a ciki, tunda kyauta ake samunsa a kowane wurin gini. Wani mai sara ya kawo mini ash a irin wannan buhu, sai na bar shi yadda yake, na ɗora shi kan katako kusa da sauran, na rufa masa kwano iri ɗaya. A Oktoba layin sama ya bushe, ya yi kyau a ido. Da na zura hannu zuwa gwiwar hannu sai na ji sanyi da santsi. Na ciro itace ya yi fari-fari da fumfuna, wani ya yi baƙi, ga wari mai tsami. A gindi ɓawo da dussar zarto sun haɗu da ruwa sun zama taɓo, dodon-koɗi sun yi gida. Buhun magina an saƙa shi ne don kada yashi ya zube, to ta ina iska za ta shiga? Yana da amfani wajen ɗauko itace daga wani wuri zuwa wani, ko ajiye wanda ya riga ya bushe a cikin rumfa. Wanda aka kawo wa ɗanye a ciki ya juye shi a ranar. Wasu suna tsaga masa tagogi da wuƙa, kuma iska na shiga, amma buhun da aka tsaga ya daina zama abin ɗagawa.

Yanzu aibin na ragar, domin yana da shi. Ragar ba ta jure tsinin faskararren itace. In ka jefa da ƙarfi, wani tsini zai huda ta, hujin kuma ya riƙa ƙaruwa duk lokacin da itacen ya motsa. Gindin buhun, ko da mai layuka ne, yana tara ɓawo da dussa, su toshe hanyar ruwa, don haka layin ƙarshe kullum shi ne mafi laima. In itace ya yi ƙasa, ciro shi azaba ce ga mai ciwon baya: ka sunkuya cikin rami mai zurfin mita ɗaya, ko ka naɗe bakin buhun ƙasa-ƙasa kana bin itacen. Kuma da zarar ka cika shi, ya zauna ke nan. Babu mutum biyu ko uku da za su matsar da shi, sai tarakta ko motar ɗaga kaya. Wanda zai saya ya zaɓi wurin tun buhun yana fanko.

Babban aibin shi ne rana. Zaren roba ba ya shiri da hasken rana, ko da an sa masa maganin kariya kamar yadda masu sayarwa ke rubutawa. Gefen da ke kallon kudu shi ke fara dusashewa, in ka goga yatsa sai wani farin gari ya biyo ka, daga nan ka ja kaɗan ya yage. Hannayen ma haka. Lambobin nan 5:1 na nufin an gwada sabon buhu da nauyin da ya ninka wanda aka rubuta masa sau biyar, kuma an yi shi ne don a cika shi sau ɗaya, a yi jigila ɗaya. Wanda aka yi don maimaitawa 6:1 ake rubuta masa. Duk waɗannan lissafi na sabon buhu ne, ba wanda ya sha rana da ƙanƙara a fili ba. Itace bai kai nauyin yashi ba, shi ya sa mutane ke sakin jiki suna ɗaga tsofaffi, amma kilo ɗari uku ko huɗu in suka faɗo daga sama sun isa su kashe mutum. A ɗaga da hannaye huɗun duka, kada kowa ya tsaya a ƙarƙashi ko kusa, a kori yara. Buhun da ya fara gari a bar shi a ƙasa a cinye itacen, sannan a kai shi wurin zubar da shara na ƙaramar hukuma. Kada a ƙona shi.

Ga masu sayen itace a buhu kuma, akwai wurin da ake cutar mutane. Za ka ga an rubuta buhun tan ɗaya. Tan ɗaya na yashi ake nufi, busasshen itacen da ke ciki bai kai rabin tan ba. Girman ma ya bambanta: buhu mai santimita 80 ta kowane gefe rabin kubik mita (wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi) yake ɗauka da ɗan ɗori, mai 90 yana ɗaukar 0.73, sai mai 100 ne ke cika ɗaya. A hoto duk kamarsu ɗaya, a kuɗi kuma wani lokaci ba su da nisa. Ka kuma sani itacen da aka watsa in ka kwashe ka jera shi zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Doka ta ɗan taimaka a Ingila: tun 1 ga Mayu 2021, itacen da aka sayar ƙasa da kubik mita biyu dole laimarsa ta kasance kashi 20 ko ƙasa, ya zo da tambarin Ready to Burn, wato a shirye yake a ƙona, wanda ƙungiyar Woodsure ke kula da shi, ƙananan masu sayarwa kuma aka ba su ƙarin shekara guda. Daga mita biyu zuwa sama ana iya sayar maka da ɗanye, tare da bayanin yadda za ka busar da shi. A nan buhun raga ke biyan kuɗinsa, ka sayi ɗanye da yawa da araha a farkon bazara, iska ta yi maka sauran aikin. Dokar ba don wasa aka yi ta ba. Hayaƙin murhun gidaje na cikin manyan hanyoyin ƙurar da ke shiga huhu a ƙasar nan, kuma a kwari irin namu, daren da babu iska, hayaƙin gida ɗaya mai ƙona ɗanye kowa ke shaƙarsa, har da jarirai da tsofaffi masu ciwon ƙirji.

Yayana yana da gidan burodi a Funtuwa, kuma da na tura masa hotuna sai ya kira ni. "Kai, wannan ba zai yi mini maganin watan Agusta ba? Marke da ƙirya nake saya da tsada, ruwa ya jiƙa, tanda ta ƙi zafi." Na ce masa, "Yaya, ka bar kuɗinka." A can bushewa ba ita ce matsala ba, iskar hunturu da ranar bazara sun gama wannan aiki tun kafin ruwa ya sauka. Abin da yake bukata rumfar kwano ce mai buɗaɗɗen gefe da dandamali na bulo, a sayi itacen da rani a jera. Ranar Katsina za ta cinye zaren robar da sauri fiye da ta nan, gara kuma ba za ta bar katakon da ke ƙarƙashi ba. Ga kunama, wadda ba na so yaran tandarsa su riƙa zura hannu cikin buhu mai duhu suna lalube.

A nan ma, mai ƙwazo da lokaci da dogon gefen katanga, in ya jera itacensa layi ɗaya a ƙarƙashin rufi, zai fi na buhu bushewa daidai, babu tsakiyar da ke baya. Abin da buhu ya fi shi da shi shi ne sauƙi: daga bakin gatari zuwa cikin buhu, hannu ɗaya, ba jeri, ba rushewa, fili kuma ya zauna a tsaftace. Ga mai aikin asibiti irina da ke faskare a ranakun hutu kawai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zan sake saya, amma mai gefe biyu na raga da gefe biyu na layuka, domin ya fi mai layuka zalla shan iska, ya kuma fi riƙe siffarsa a kan wanda duk jikinsa raga ce da na gani a gonar maƙwabcina, wanda cikinsa ke bultsowa ta kowane gefe. Ash da birch za su shiga buhu. Oak zan jera shi a jikin katangar kudu ƙarƙashin kwano. Kafin in biya kuma zan sa mai sayarwa ya rubuto mini tsawo da faɗi da tsayin buhun a santimita, da lambar da ke jikin takardarsa, 5:1 ce ko 6:1.